Yamai da Unguwanninta na Bakin Gari: Tambayoyi da Amsoshi a kan Ƙaruwar Jama'a da Hanyoyin Neman Abinci

Wanda ya bar Yamai shekara 15 da suka wuce, idan ya dawo yau ya ɗauki hanyar Walam, ko ta Filinge, ko ta Doso, zai yi tafiya mai nisa a tsakanin katangun bulo kafin idonsa ya faɗa a kan gonar hatsi ta farko. Mafi yawan sabuwar rayuwar birnin a can bakin gari take gudana, inda ake haihuwa, ake gini, ake buɗe shaguna, ake kuma jiran famfo da kwalta shekara da shekaru. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi game da wannan al'amari a majalisun hira da wuraren aiki, kuma an amsa su ne da ra'ayi guda da ba a ɓoye ba: babbar matsalar bakin garin Yamai ita ce ana sayar da fili tun kafin a tanadi abin da zai mayar da filin unguwa.

Mutum nawa ne ke zaune a Yamai, kuma yaya aka yi ta kai haka?

Ƙidayar jama'a ta watan Disamba na 2012 ta samu mutum miliyan 1 da dubu 26 da ƴan kai a jihar Yamai, a lokacin da ƙasar baki ɗaya take da mutum miliyan 17 da wani abu. Tun daga wannan ƙidaya an haifi yaran da yanzu suka shiga makarantar sakandare, saboda haka adadin yau ya zarce wancan nesa ba kusa ba.

Idan aka waiwaya baya za a ga saurin abin. Sa'ad da Turawan Faransa suka ɗauko fadar mulki daga Damagaram suka mayar da ita Yamai a 1926, garin bai wuce ƴan ƙauyuka da ke bakin kogin Isa, wato Kwara, ba, irin su Gudel da Gamkale da Saga, da tsofaffin unguwanni kamar Mawre da Kalle. A shekarar samun ƴancin kai, 1960, mutanen birnin wajen dubu 30 ne. Ƙidayar 1977 ta same su sun haura dubu 200, ta 1988 ta same su kusan dubu 400, ta 2001 kuma wajen dubu 700. Abubuwa biyu ne suka fi tura wannan hawa a farkonsa. Na farko kuɗin yuraniyom na shekarun 1970, bayan an fara haƙarsa a Arlit, wanda da shi aka gina ma'aikatu aka ɗauki ma'aikata. Na biyu kuwa fari, na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, wanda ya kashe dabbobi ya koro manoma da makiyaya zuwa birni. Unguwar Lazare, wadda yau take tsakiyar hada-hada, a can aka yi sansanin waɗanda farin farko ya raba da garuruwansu.

Shin gaskiya ne cewa ƴan ƙauye ne suka cika birnin?

Wannan ita ce maganar da ta fi yawo, kuma rabinta kaɗai gaskiya ne. Ba mai musun cewa ƴan ci-rani suna shigowa bayan an gama girbi, daga Zarmaganda da Arewa da Kurfai da Adar da sauran wurare, suna sayar da ruwa, suna aikin gini, suna gadi, sannan da yawansu su koma gida da faɗuwar ruwan farko. Ba mai musun kuma cewa rashin tsaro a jihar Tilaberi, wadda ta kewaye Yamai ta ko'ina, ya sa iyalai da dama sun baro ƙauyukansu ba da son ransu ba, suka raɓe wajen dangi a bakin gari.

Amma alƙaluman ƙidaya suna nuna wani abu da ya kamata a tsaya a kansa. Tsakanin 2001 da 2012 jama'ar Nijar ta tashi daga miliyan 11 zuwa miliyan 17, wato ta ƙaru da fiye da rabi, ita kuwa Yamai ƙaruwarta a wannan tsakani ba ta kai rabi ba. Birnin da baƙi suka mamaye da ya kamata ya fi ƙasarsa saurin ƙaruwa, sai ga shi bai fi ta ba. Ko da an yi la'akari da cewa wasu mazauna bakin gari an ƙidaya su ne a cikin ƙananan hukumomin maƙwabta, abin da ya fito fili shi ne haihuwar da ake yi a cikin birnin kansa tana da babban kaso a wannan ƙaruwa. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna cewa mace a Nijar tana haihuwar yara 7.6 a matsakaici, a Yamai kuma sama da biyar. Binciken 2021 ya samu adadin ƙasa ya sauko zuwa 6.2, amma ko da hakan, gidan da aka gina a Bukoki ko Talaje shekara 40 da suka wuce ba zai iya ɗaukar ƴaƴa da jikokin mai shi ba.

Saboda haka idan mutum ya shiga sabuwar unguwa ya tambayi masu gidajen daga ina suka zo, amsar da zai fi ji ita ce sunan wata unguwa ta cikin Yamai. Malamin makaranta ne da haya ta ishe shi, ɗan kasuwar Katako ne da ya tara abin sayen fili, matashi ne da ya yi aure aka rasa ɗakin da za a ba shi a gidan gado. Ɗora wa ɗan ƙauye laifin cunkoson birni zalunci ne, domin shi ne ma yake kwana a rumfa yana gadin kangon wani.

Waɗanne unguwanni ake nufi da bakin gari?

Bakin gari ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yantala da Bukoki sun taɓa zama ƙarshen birni, haka ma Banifandu da Koira Tegi da rukunin gidajen da aka gina domin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci na 2005. Yau idan an ce bakin gari ana nufin wurare kamar Kubiya da Losogungu ta hanyar Tilaberi, Cangare ta arewa, inda aka buɗe babban asibitin ƙwararru a 2016, Basora da bayan unguwar Niamey 2000 ta gabas, kewayen filin jirgin sama zuwa Libore ta hanyar Doso, sannan a hayin kogi akwai Sagiya da Seno da abin da ya yi gaba. Hayin kogi, wato Harobanda, ita ce da'ira ta biyar daga cikin da'irori biyar na birnin, kuma tarihinta yana tafiya ne da tarihin gadoji: gadar Kennedy ta 1970, gada ta biyu da Sin ta gina aka buɗe a 2011, da ta uku mai sunan Janar Saini Kunce a 2021. Kowace gada ta ɗaga farashin filayen da ke kusa da ƙafarta.

Me ya sa birnin yake ta faɗi, ba ya tashi sama?

Amsar tana cikin yadda fili ya zama asusun ajiya. Wanda ya samu ɗan rara a Yamai, ko ma'aikaci ne, ko ɗan kasuwa, ko ɗan ƙasa da ke aiki a Abijan ko Saudiyya ko Turai, ba kasafai yake tunanin banki ba. Fili yake saya, domin ba ya ruɓewa, ba ya cin ciyawa, kuma farashinsa gaba yake yi. Hukumomin gari su ma sun daɗe da gano cewa yanka filaye ita ce hanya mafi sauƙi ta samun kuɗin shiga, har a farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye. Aka zo kuma aka samu kamfanoni masu zaman kansu da ke sayen gonaki daga hannun magada, su yanka su gida-gida, su kafa turakun iyaka, su sayar.

Sakamakon shi ne abin da kowa yake gani: filaye masu murabba'in mita 300 zuwa 600 an jera su har iyakar ganin ido, wasu an zagaye da katanga, wasu an aza harsashi an tsaya, gida ɗaya mai mutane a tsakanin kangaye biyar. Mai filin ba ya gaggawa, tun da jira riba ce gare shi. Amma ga hukumar da za ta ja bututun ruwa ko wayar lantarki, wannan tsari asara ce babba, domin kilomita guda na bututu da zai shayar da gidaje ɗari a unguwa mai cika, a nan gidaje ashirin kawai zai samu. Ga nan tushen jinkirin da mutanen bakin gari ke kuka da shi.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Kuɗin da aka binne a katangar da ba kowa a cikinta, da an sa shi a injin niƙa, ko a shagon walda, ko a lambu, da ya ɗauki yara biyu ko uku aiki. Manomin da ya sayar da gonar gado shi ma yakan karɓi kuɗi masu yawa a rana ɗaya, ya yi aure, ya sayi babur, wataƙila ya sauke farali, bayan ƴan shekaru kuma a same shi ba gona ba kuɗi, yana leburanci a kan ƙasar da kakansa ya noma. Wannan abu ne da ya kamata sarakuna da limamai su riƙa faɗakarwa a kansa, domin su ne ake kira shaida ranar ciniki.

Al'adar zama ma tana da nata rabo. Iyali na son tsakar gida inda za a yi girki, a ɗaure rago, a shimfiɗa tabarma a kwana a waje lokacin bazara, kuma bene ba ya ba da wannan cikin sauƙi a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Ina son sayen fili a bakin gari. Me ya kamata in duba?

Abu na farko takarda. Akwai shaidar mallakar gargajiya, wadda ke tabbatar da cewa gona ta wane ce ta hanyar gado ko saye, kuma ita ba ta nufin an amince a yi gini a wurin. Akwai takardar da magajin gari ke bayarwa bayan an yanka filaye bisa izini, wadda a kanta ake rubuta acte de cession. Sannan akwai titre foncier, takardar mallaka ta dindindin da ake samu daga ma'aikatar filaye ta ƙasa, ita ce ta fi ƙarfi a gaban alƙali da banki. Kada mai saye ya tsaya ga abin da dillali ya nuna masa. Ya je da kansa ofishin da ya fitar da takardar a duba masa lambar filin a rajista, domin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku yana cikin ƙararrakin da suka fi yawa a kotunan birnin. Idan filin na gado ne, ya tabbatar magada duka sun yarda, har da mata.

Abu na biyu, ya je ya ga wurin a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Wani ɗan'uwana ya sayi fili da rani, wuri shimfiɗaɗɗe mai kyan gani, ya aza ɗaki biyu da guminsa na shekara shida, damina ta farko ta nuna masa cewa hanyar ruwa ce, kuma wanda ya sayar masa ya san haka. Har yau idan na tuna ranar da muka kwashe kayansa a cikin laka raina yana ɓaci. Tsofaffin da suka noma wurin sun san inda ruwa ke bi, kuma gaisuwa da tambaya ba su da tsada.

Me ya sa ambaliya ta yawaita?

Ambaliyar Yamai iri biyu ce, kuma ana yawan haɗa su. Akwai ta kogi. Kogin Isa yana cika sau biyu a shekara: cikar da ke zuwa da sanyi, wajen Janairu, daga ruwan da ya taso tun daga Gini, wadda take zuwa a hankali, da kuma cikar damina mai jan ruwa, wadda rassan kogin da ke gangarowa daga Burkina Faso, wato Sirba da Dargol da Goruwol, ke kawowa a Agusta da Satumba. Ta biyun ce take ɓarna, domin ƙasar da aka sare itatuwanta ba ta riƙe ruwa, kuma yashin da ke zubowa ya cike cikin kogin. An sha wahala a 2010 da 2012, aka kwashe wasu iyalai aka ba su matsuguni a Seno. A watan Satumba na 2020 ruwan ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali ana shelar babban haɗari ne tun daga 620, ya fasa shingen kariya ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga.

Iri na biyu ita ce ta ruwan sama da ya rasa hanya, kuma ita ce ta bakin gari. Yamai tana samun ruwan da bai wuce milimita 500 zuwa 600 ba a shekara, amma yana zuba ne a ƴan kwanaki, da ƙarfi. Da can gonaki suna shanye shi, ragowar ya bi ƙoramu irin su Gunti Yena ya faɗa kogi. Yanzu rufin kwano da daɓen siminti sun maye gurbin gonakin, an yi gini a bakin ƙoramun, magudanan da ake da su kuma sun cika da leda da yashi. A daminar 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga birnin, har aka yi kwanaki kaya da man fetur suna wahalar shigowa. Wanda ya amince a yanka fili a hanyar ruwa yana da alhakin gidan da ya rushe.

Ina gandun itatuwan da ya kewaye birnin?

An fara dasa shi a 1965, mafi yawansa dogon yaro, a faɗin da ya haura hekta 2,000, domin ya tare ƙura da iskar hunturu ya kuma zama iyakar birni. Birnin ya tsallake shi tuntuni, an yanka filaye a wasu sassansa, wasu sassan sun zama juji ko matsugunin marasa galihu. Abin da ya rage ya cancanci a tsare shi da gaske, domin yanzu a tsakiyar unguwanni yake, inda ake matuƙar buƙatar inuwa.

Yaya batun ruwan sha da wutar lantarki?

Ruwan famfon Yamai daga kogi ake ɗebo shi, a tace shi a Gudel da Yantala, sannan a tura shi cikin gari. Tun farkon 2024 kamfanin ƙasa na NDE ne ke rarraba shi, bayan ya gaji kamfanin SEEN. Unguwar da ke ƙarshen bututu ita ke samun ruwa a ƙarshe, sau da yawa cikin dare, kuma a watannin zafi mata da yara kan raba dare suna jiran ya zo. Inda bututu bai kai ba sai ƴan garuwa da kurarsu ta jarkoki, ko rijiyar burtsatse ta wani mai hali da ke sayar wa maƙwabta. Abin takaici shi ne talakan bakin gari yana biyan kuɗin lita ɗaya ninkin abin da mai famfo a gida yake biya.

Wuta kuwa, Nijar ta daɗe tana sayen mafi yawanta daga Najeriya ta layin da ya taso daga Birnin Kebbi, wajen kashi 70 cikin 100 kafin 2023. Da aka katse layin bayan juyin mulkin watan Yuli na wannan shekara, kowa ya ga haɗarin dogaro da maƙwabci. Tashar Goru Banda mai aiki da man gas, wadda aka buɗe a 2017, da tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 30 da aka kafa kusa da ita, sun rage raɗaɗin, madatsar ruwa ta Kandaji kuma ana dakon kammaluwarta. Ga mai walda, da tela, da mai sayar da ƙanƙara, ɗaukewar wuta ta awa uku asarar cinikin yini ce. Shi ya sa faifan hasken rana ya yawaita a rufin sababbin gidaje tun kafin turakun NIGELEC, kamfanin wuta na ƙasa, su iso.

Da me mutanen bakin gari suke rayuwa?

Masu albashin wata, na gwamnati ko na kamfani ko na ƙungiyoyin agaji, su ne ƴan kaɗan. Mafi ƙarancin albashi a hukumance jika 42 ne tun daga Janairun 2024, bayan ya daɗe a kan jika 30 da ƴan kai, kuma duk wanda ya san kuɗin hayar ciki da falo da farashin buhun shinkafa ya san inda wannan adadi ya tsaya. Mafi yawan jama'a suna cin abinci ne daga sana'ar hannu da ƙaramin ciniki, waɗanda ba su cikin rajistar kowa.

Sabuwar unguwa tana da tsarin da take bi wajen haifar da sana'o'i. Masu buga bulo da magina da direbobin motocin yashi su ke fara zuwa, da mai shayi da mai abincin da ke ciyar da su. Sai mai sayar da siminti da ƙarfe ya buɗe shago, mai walda ya zo domin ƙofofi da tagogi. Idan iyalai suka fara tarewa sai a ga injin niƙa, da mai kanti, da mahauci, da tela, da makarantar allo, da makarantar kuɗi, da wurin aika kuɗi na Nita ko Al Izza ko Amana. Mata suna da babban kaso a ciki, ta hanyar ƙosai da fura da dafaffen zogale da sayar da atamfa a gida, kuma adashi shi ne bankinsu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ya nuna tun tuni cewa ƙaramin kuɗin da mata ke tarawa mako-mako yana iya zama jari.

Sai dai gini ba ya ɗorewa a matsayin tushen arziki, domin ranar da unguwa ta cika magina gaba suke yi. Ciniki kuma, idan kowa yana sayar da shinkafar Asiya da taliya da kayan Sin ga maƙwabcinsa, kuɗin waje yake fita. Abin da birnin ya rasa shi ne wuraren da ake ƙera abu ko a sarrafa shi da yawa. Hannun da zai yi aikin yana nan: wanda ya shiga Katako ya ga yadda ake narka tsohon ƙarfe a fitar da tukwane, ake mayar da gwangwani akwati da murhu, ya san haka. Akwai dabbobin kasuwar Turaku, da fatu, da kilishi, da shinkafar fadamun Saga da Kirkisoy da Libore, da albasar Galmi da ke ruɓewa saboda rashin wurin ajiya. Da a kowane yankan filaye ana ware wuri mai wuta da ruwa domin masu sana'a, a kuma hana a sayar da shi a ɓoye, da yaron Cangare bai buƙaci ya ratsa gari kullum domin neman abin yi ba.

Rufe iyaka da Benin ya shafi unguwannin nan?

Ya shafe su ƙwarai. Tashar jirgin ruwa ta Kwatano da ke Benin, mai nisan wajen kilomita 1,000, ita ce ƙofar da mafi yawan kayan Yamai ke shigowa ta cikinta. Tun daga 2023 manyan motoci suka koma bin hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi a kan kowane buhu da kowane sandan ƙarfe. Gine-gine da yawa sun tsaya, kuma idan gini ya tsaya lebura ne ke fara kwana da yunwa. Rage farashin siminti da gwamnati ta yi a 2024 bayan ambaliya ya ɗan farfaɗo da aikin, kasancewar ana yin siminti a cikin gida a Malbaza.

Yawan jama'a alheri ne ga tattalin arziki ko nauyi?

Ya danganta da abin da aka yi wa yaran. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, kamar yadda ƙidayar 2012 ta nuna, tana ninkuwa ne cikin shekara 18 ko kusa da haka. Ma'anarsa ita ce kowane aji, kowane gadon asibiti, kowace rijiya, sai an ninka su a wannan tsakani kafin a ce an tsaya inda ake. Ƙasashen da suka ci ribar yawan matasa sun ci ta ne sa'ad da masu aiki suka fi waɗanda ake ciyarwa yawa, kuma masu aikin suna da ilimi da sana'a.

A bakin garin Yamai makaranta ce ma'aunin wannan magana. Inda aka yanka filaye ba a bar wa makaranta wuri ba, ko aka bari daga baya aka sayar, sai a kafa azuzuwan zana. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas, ta kashe yara wajen 20, mafi yawansu ƙanana. Wannan rana ta isa ta sa duk mai sa hannu a takardar yanka filaye ya fara tambayar inda makaranta za ta zauna.

Batun tazarar haihuwa kuwa magana ce ta miji da mata da lafiyar uwa, kuma ba a yin ta da tsawa. Abin da aka gani a ko'ina shi ne yarinyar da ta daɗe a makaranta takan yi aure da ƙarfinta, ƴaƴanta sukan fi samun kulawa. Iyayen Yamai da yawa sun riga sun kama wannan hanya da kansu, domin su ne ke biyan haya da kuɗin makaranta.

Ina matsayin Hausawa a cikin wannan sauyi?

Yamai ƙasar Zabarmawa ce, kuma Zabarmanci da Hausa su ne harsunan titi da kasuwa. Hausawa sun daɗe a cikinta, tun daga Arawan da ke cikin waɗanda suka kafa garin har zuwa fataken Zango, kuma Adarawa da Maraɗawa da Damagarawa suna da ƙarfi a ciniki da sufuri. A sababbin unguwanni ba a zama ƙabila-ƙabila, domin aljihu ne ke zaɓa wa mutum maƙwabci. Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Buzu suna haɗa kuɗi su sayi turakun wuta ko su gina masallaci, yaransu kuma suna tashi da harshe biyu ko uku.

Me ya sa zirga-zirga take cin kuɗi da lokaci haka?

Domin gidaje sun tafi bakin gari, aiki kuma ya zauna a tsakiya: ma'aikatu, Babbar Kasuwa, Katako, Wadata, manyan asibitoci. Gadojin sama da aka gina tsakanin 2013 da 2018, da gyaran da aka yi wa birnin domin taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019, sun sauƙaƙa tafiya a tsakiyar gari, amma mai fitowa daga bayan Koira Tegi sai ya taka yashi kafin ya kai inda ƙananan bas na faba-faba ko tasi ke tsayawa, sau da yawa kuma sai ya shiga mota biyu. Mace mai naƙuda cikin dare a unguwar da mota ba ta shiga da damina ita ta fi kowa sanin tsadar rashin hanya.

Wa ke da alhakin unguwar da ta tsallake iyakar birni?

A takarda, iyakar Yamai tana tsayawa ne inda ƙananan hukumomin Libore da Hamdallay da Karma da Bitinkoji suka fara, kuma waɗannan suna cikin gundumar Kollo ta jihar Tilaberi. A zahiri gidajen ba su san wannan iyaka ba. Mutum yana kwana a ƙasar Libore, yana aiki yana biyan harajin shago a Yamai, ɗansa yana karatu a Talaje. Ƙaramar hukumar karkara ta karɓi kuɗin yanka filin sau ɗaya, amma ba ta da ƙarfin yin kwalta ko magudanar ruwa, birnin kuma yana iya cewa wurin ba nasa ba ne.

Abin da ake buƙata shi ne birnin da maƙwabtansa su zauna a kan taswira ɗaya, su fitar da hanyoyin ruwa da manyan tituna da filayen makaranta da asibiti da kasuwa tun wurin yana gona, a kuma wajabta wa duk mai yanka filaye ya buɗe hanya ya kawo ruwa kafin ya sayar da fili na farko. Filin da ya shekara goma a kango a cikin unguwar da ta riga ta samu famfo da wuta ya kamata a aza masa harajin da zai sa mai shi ya gina ko ya sayar. Kafin a kai ga haka, mazauna sabuwar unguwa suna da abin da za su iya yi a wannan makon: su je ma'aikatar magajin gari su nemi kwafin taswirar yankan filayensu, su gano wuraren da aka ware domin amfanin jama'a, su sanar da mai unguwa da limami, su kuma dasa itatuwa a kewayensu domin kowa ya san akwai masu lura da wurin.